Matattun da Suka Dawo Neman Haƙƙinsu: Fahimtar Fim ɗin Atlantique

A shekarar 2019 Mati Diop, ƴar asalin Senegal, ta fitar da fim ɗin Atlantique, wanda ya ci kyautar Grand Prix a bikin fina-finai na Cannes a Faransa. A Dakar labarin ya faru. Wasu samari leburori sun yi wata da watanni suna aikin wani dogon bene ba a biya su ba, sai suka shiga kwale-kwale suka nufi Sifen. Teku ta cinye su. Cikinsu har da Sulaiman, masoyin Ada, wadda aka riga aka ba wani mai kuɗi.

Daren biki gadon amarya ya kama da wuta. Ƴan matan unguwa suka kwanta zazzaɓi, in dare ya raba su tashi idanunsu fari fat, su nufi gidan mai ginin suna magana da bakin mamatan, a biya su kuɗinsu. Sulaiman kuwa jikin ɗan sandan da ke binciken gobarar ya shiga.

To, mene ne ya hau ƴan matan? Musulmi ya san wanda ya mutu yana barzahu, ba ya dawowa. Ko a bori, iskoki ne ke hawan mutum, ba matattu ba. Wani zai ce aljanu ne, wani ya ce baƙin ciki ne ya yi wa zukata yawa. Mati Diop ba ta raba gardamar ba, kuma a ganina da gangan ta bar ta.

Mutumin Damargu ba ya buƙatar dogon bayani kan irin wannan tafiya da ba a dawowa. Garin Tanut na Damargu yana kan hanyar Damagaram zuwa Agadas, kuma daga nan har Balbeji an san tafiya Libiya da Aljeriya neman kuɗi. A watan Oktoba na 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da dama daga yankin Kance. Su an ga gawarwakinsu. Akwai waɗanda wayarsu kawai ke mutuwa, ba wanka, ba likkafani, ba kabarin da uwa za ta nuna. A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace takan jira shekara 4 bayan an yi cigiya, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Wannan zama tsakanin rai da mutuwa shi ne jigon fim ɗin.

A wurin jana'iza akan yi shela: duk mai bin mamaci bashi ya faɗa. A fim ɗin kuwa, mamatan ne ke bin bashi, kuma bayan sun karɓi kuɗin suka sa mai ginin ya haƙa musu kaburbura da hannunsa. Mai kallo ya riƙe waɗannan biyun, ladan gumi da kabari, domin su fim ɗin ke nema wa duk wanda ya tafi bai dawo ba.