Takardar shaidar asali a Najeriya

Takardar shaidar asali, wadda aka fi sani da takardar indijin, takarda ce da ƙaramar hukuma take bai wa mutum don tabbatar da cewa shi ɗan asalin yankinta ne. Ana neman ta wajen ɗaukar aikin gwamnati, shiga aikin soja ko ɗan sanda, neman gurbin karatu da tallafin karatu, da kuma yin fasfo na fita ƙasar waje. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kuma babu tsari guda da ya haɗa su: kowace ita take tsara tata takardar, ita take yanke kuɗin da za a biya.

Tushenta a doka

Takardar ta samu ƙarfi ne daga tsarin raba daidai, wato raba muƙaman gwamnati tsakanin sassan ƙasa, wanda ya shiga kundin tsarin mulki a shekarar 1979 kuma yake nan a sashe na 14(3) na kundin 1999. An kafa Hukumar Raba Daidai ta Tarayya a shekarar 1996 don sa ido a kan haka. Sashe na 147(3) ya wajabta wa shugaban ƙasa naɗa aƙalla minista ɗaya ɗan asalin kowace jiha. Sai dai kundin bai fayyace shekara nawa zuri'a za ta yi a wuri kafin ta zama 'yar asali ba, don haka hukuncin ya koma hannun ƙananan hukumomi.

Wannan giɓi ya jawo rigima a wurare da dama. A Jos ta Arewa, batun bai wa Hausawan da aka haifa a garin wannan takarda yana cikin abubuwan da suka rura rikicin shekarar 2001. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan matsalar a shekarar 2006. Mace kuma, a ƙa'idar Hukumar Raba Daidai, tana ci gaba da zama 'yar jihar da ta fito ko da ta yi aure a wata jihar.

Yadda ake samun ta a jihar Kano

A ƙasar Kano neman takardar yana bin matakan sarautar gargajiya. Misali, mutumin Zoza, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Rogo, zai fara ne da mai unguwa, wanda ya san shi ya san mahaifinsa. Daga nan sai dagaci, sai hakimi, sannan sakatariyar ƙaramar hukuma a garin Rogo, inda ake sa hannu da hatimi. Rogo da Ƙaraye su ne ƙananan hukumomi biyu da ke ƙarƙashin masarautar Ƙaraye tun sabuwar dokar masarautu ta watan Yulin 2024.

Ga wanda yake zaune a garinsu abin ba ya da wuya. Wahalar tana kan wanda aka haifa a Legas ko Fatakwal, wanda dole ya yi tattaki zuwa garin kakanninsa, wataƙila bai taɓa kwana a can ba, ya nemi wani dattijo ya tsaya masa. Rogo ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, kuma a irin wannan yanki ba abin mamaki ba ne a ga dangi ɗaya da takardun jihohi biyu.

Saɓanin suna da ranar haihuwa

Yawancin jekala-jekalar da ake sha ba daga takardar kanta take fitowa ba, daga rashin dacewarta da sauran takardu ne. Fom ɗin gwamnati yana tambayar sunan dangi, alhali Bahaushe a al'ada sunansa da na mahaifinsa yake amfani da su, wani lokaci ya ƙara da sunan gari, kamar Aminu Kano ko Shehu Shagari. Yaro zai iya gama firamare da sunan mahaifi a ƙarshe, ya gama sakandare da sunan garinsu. Ga kuma rubutu: Muhammad, Mohammed da Muhammadu suna ɗaya ne a baki, amma uku ne a wurin kwamfuta. Haruffa masu lanƙwasa, irin su ɗ da ƙ, ba sa fitowa a fasfo, shi ya sa Ɗanladi yake komawa Danladi.

Ranar haihuwa ma haka. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta shekarar 1992 ce, kuma mutane da yawa a karkara ba a yi musu ba. Sai su yi rantsuwar shekaru a kotu, galibi da ƙiyasi.

A da ma'aikaci yana iya kau da kai daga irin wannan saɓani. Amma tun da aka shigo da lambar BVN ta banki a shekarar 2014, aka kuma wajabta haɗa lambar ɗan ƙasa ta NIN da layin waya a watan Disambar 2020, na'ura ce take gwada bayanan. Lokacin tantance ma'aikata, wadda ake yi don gano ma'aikatan bogi, harafi ɗaya yana iya sa a riƙe albashin ma'aikaci na gaskiya har sai ya kawo takardar rantsuwa, wani lokaci har da sanarwar canjin suna a jarida.

Wajen fita ƙasar waje

Hukumar Shige da Fice tana neman shaidar asali, takardar haihuwa ko rantsuwar shekaru, da lambar NIN daga mai neman fasfo karo na farko. Idan bayanan ba su zo ɗaya da na NIN ba, sai ya koma Hukumar Katin Ɗan Ƙasa an gyara tukuna. Mutumin karkara kuwa kowane komawa kuɗin mota ne da asarar yini. A shekarar 2023 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya sanar da kammala fasfo fiye da 200,000 da suka taru ba a buga ba. Daga 1 ga Satumbar 2025 kuɗin fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 kuma naira 200,000.

Wanda zai tafi aiki ko karatu, kamar a Saudiyya ko Ingila, ana iya neman ya kai takardun makarantarsa Abuja a tabbatar da su a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje, kafin ofishin jakadancin ƙasar da za shi. Wasu ƙasashen suna ƙarawa da takardar 'yan sanda ta shaidar rashin laifi da katin rigakafin cutar shawara.

A Afirka ta Yamma yarjejeniyar ECOWAS ta shekarar 1979 ta ba da damar shiga ƙasashen ƙungiyar ba biza har kwana 90. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, amma ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku har zuwa wata sanarwa.