Karatun Littafin Yaƙi a Cikin Iyali

A gidaje da yawa, da zarar an ci tuwon dare sai kowa ya kama gabansa. Muna so mu bayyana wa ɗalibai da iyaye wata al'ada mai amfani, wato iyali su zaɓi littafi guda, su riƙa karanta babi ɗaya kowane mako, sa'an nan su zauna su tattauna. A gidanmu mun yi haka da Burma Boy, wanda Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya wallafa a 2007.

Littafin labarin Ali Banana ne, yaron maƙeri wanda ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1944 ya sami kansa a dajin Burma cikin rundunar Janar Orde Wingate, wadda ake kaiwa ta jirgin sama bayan layin sojojin Japan. Banana dai ƙirƙirarsa aka yi, amma yaƙin gaskiya ne. Ingila ta kwashi dubban samari daga Afirka ta Yamma cikin runduna ta 81 da ta 82, da yawansu daga Arewa. Mahaifin marubucin ma ya je Burma.

Ga yadda muke yi. Da yake da Turanci aka rubuta shi, babba cikin yara yakan karanta, ya kuma fassara wa kaka da Hausa. Uba ko uwa su fara duba babin tukuna, gama akwai wuraren da suka fi ƙarfin ƙananan yara. Wajen tattaunawa, ƙarami ne yake fara magana, domin in babba ya riga shi, sauran amin kawai za su ce.

Abin lura shi ne, shafi ɗaya ake karantawa amma kowa da abin da yake ji. Yara suna dariyar surutun Banana da cika bakinsa. Uwa kuwa shekarunsa take lissafi, tana duban ɗanta na aji biyu. Samari sukan tambaya, me ya kai yaron Arewa yaƙin Sarkin Ingila a ƙasar da bai san sunanta ba? Kaka ba ta damu da taswira ba. Sunayen mutanen ƙauyensu take kira, waɗanda suka dawo da waɗanda ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Wannan bambancin shi ne ribar zaman, kada a yi saurin kashe shi da amsa guda.

Wanda yake tsaran Banana a 1944 yau ya haura shekara 90, masu ba da labarin da bakinsu sun kusa ƙarewa. Saboda haka, ɗalibai, a wannan hutu ku tambayi tsofaffin gidanku ko wani nasu ya je Burma. Ku rubuta sunansa da garinsu, ku kawo mana idan an dawo makaranta.