2.3 Tantance Zantukan da Ake Jingina wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo

Samun magana a cikin littafin malami bai isa hujjar cewa daga bakinsa ta fara fitowa ba. Alal misali, masu wa'azi da 'yan siyasa sun yawaita jingina wa Shehu zancen nan da ke nuna cewa zalunci ya fi kafirci saurin rusa mulki. Haƙiƙa zancen yana cikin littafinsa Bayanu Wujubil Hijra, wanda ya kammala a shekarar 1806. Sai dai kuma Nizamul Mulk, wazirin daular Saljuƙawa da aka kashe a 1092, ya riga ya kawo shi a cikin Siyasatnama. Ke nan Shehu naƙalto shi ya yi, kamar yadda ya saba kafa hujja da maganganun magabata a rubuce-rubucensa na Larabci.