Ko Kun Sani?

Matafiyin da ya tashi daga Talata Mafara, Bakura ko Maradun ya isa Sakkwato, bai yi nisa da ɗaya daga cikin manyan kufai na ƙasar Hausa ba. Shi ne Surame, a arewa maso yammacin birnin Sakkwato.

Muhammadu Kanta, wanda ya yi wa Askiya Muhammadu na Songhai tawaye, shi ya gina Surame a ƙarni na 16, ya mai da shi hedikwatar daular Kabi. Da duwatsu aka yi ganuwarsa, ana jera su ana liƙewa da ƙasa. Har yau ana ganin ragowarta da gurabun ƙofofinta a cikin daji. An watse daga birnin a farkon ƙarni na 18, sarauta ta koma Birnin Kabi. A 1964 gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, a 2007 kuma ya shiga jerin wucin gadi na wuraren tarihin duniya na UNESCO.

Mai zuwa shi kaɗai ya fara tambayar lafiyar hanya, ya gai da mai gari, ya nemi ɗan jagora, ya fito kafin la'asar.