Folda biyu masu suna ɗaya sun kusa ja mini abin kunya

A ƙarshen zangon karatu na biyu, wata uwa ta zo makarantarmu a nan Kumasi riƙe da takardar sakamakon 'yarta. Ta ce, "Malam, yarinyar nan ta rantse ta ci lissafi, amma ga shi an rubuta ta faɗi." Na ce, "Hajiya, ki zauna, bari in duba."

Da na buɗe kwamfutar ofis sai gabana ya faɗi. Ashe folda biyu gare ni, kowace sunanta "Lissafi", ɗaya a cikin zango na ɗaya, ɗaya a cikin na biyu. Makin zangon baya na kwafe wa aji guda. Laifina ne, kuma na ba ta haƙuri.

Abin da ya ruɗe ni shi ne jerin foldojin da ke gefen hagu na File Explorer. An tsara shi kamar bishiya, kowace folda tana ƙarƙashin uwarta, an ɗan turo ta ciki. To amma sau da yawa in ka shiga folda ta ɓangaren dama, jerin na hagu ba ya bin ka, sai ka rasa a wane reshe kake.

Wani abokin aiki ne ya nuna mini maganin. Ka danna Ctrl da Shift da E tare, nan take jerin zai buɗe har ya kai foldar da kake ciki, ka ga uwarta da kakarta. In kana cikin jerin, kibiyar dama tana buɗe reshe, ta hagu tana rufe shi. Alt da kibiyar sama kuwa suna mayar da kai folda uwa. Wadda kake shiga kullum kuma, ka maƙala ta a Quick access, wanda ya zo da Windows 10 a 2015.

Sai dai gaskiya maɓallai kaɗai ba su isa ba, sai da na gyara tsarina. Yanzu ba na wuce hawa uku: shekara, aji, darasi. Zangon a cikin sunan nake sa shi, kamar "Lissafi zango 2", don kada suna ya maimaitu. Yawan hawa ma yana da wata illa: Windows kan ƙi kwafe fayil idan adireshinsa ya kai wajen haruffa 260.

Daren nan na sake cike takardun ajin duka. Yarinyar kuwa ta ci lissafinta. Malamai 'yan uwana, kafin ku kwafe maki, ku dubi gefen hagu ku tabbatar 'yar wace folda kuka buɗe. Rigakafi ya fi magani.