Yadda Tallafin Yaran Karkara ke Tsayawa a Bakin Titi a Ƙasar Kontagora

KONTAGORA — Kasuwan Garba, wanda ke Ƙaramar Hukumar Mariga cikin masarautar Kontagora a Jihar Neja, gari ne na ciniki kamar yadda sunansa ya nuna. Dawa da gero da masara da wake da dabbobin da ake hada-hadarsu a kasuwannin wannan yanki, akasarinsu daga ƙananan ƙauyuka da rugage suke fitowa, inda Kamuku da Kambari da Dukawa da Fulani makiyaya ke zaune tare da Hausawa. Sai dai kuma 'ya'yan waɗannan manoma su ne na ƙarshen ganin amfanin shirye-shiryen rage talauci da gwamnatoci ke fitowa da su.

Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya nuna cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Nijeriya, na fama da talauci ta fuskar abinci da lafiya da ilimi da muhalli. A birane adadin kashi 42 ne, amma a karkara ya kai kashi 72. Ga Jihar Neja, wadda ta fi kowace jiha faɗin ƙasa, nisa kaɗai ya isa ya ƙara tsadar kai malami ko ungozoma ƙauyen da ba shi da hanyar mota.

Ba yau aka fara neman maganin matsalar ba. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar raya karkara ta DFRRI, a 1987 kuma Hajiya Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara. Bankin Al'umma da Hukumar Ilimin 'Ya'yan Makiyaya suka biyo baya a 1989. Da mulki ya sauya, sai shirin tallafa wa iyali na Hajiya Maryam Abacha ya maye gurbin na farko a 1994, aka ƙara da FEAP a 1997, sannan NAPEP a 2001. Ban da hukumar makiyaya, wadda dokar da ta kafa ta ke riƙe da ita har yau, sauran duk sun shuɗe ko an narkar da su cikin wasu hukumomi. Kowane sabon shiri yakan zo da sabon ofis da sabuwar rajista, kuma mai rajista yakan tsaya ne inda motarsa ta tsaya.

Dalilin da ya sa yaron ƙauye ba ya zuwa makaranta ya wuce batun kuɗin makaranta, domin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta mayar da firamare kyauta. Lissafin magidanci daban ne. Yaron da ya tafi aji an rasa mai kiwo da mai korar tsuntsaye a gona, yarinyar da ta tafi kuma an rasa mai talla da mai ɗebo ruwa. Ga kuɗin riga da littafi da takalmi. Duk shirin da bai cike wannan giɓi ba, to aji zai gina, ba ɗalibai zai samu ba.

Wannan ne ya sa gwajin da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya yi da taimakon gwamnatin Birtaniya ya cancanci nazari. Tsakanin 2014 da 2016, a wasu ƙananan hukumomin Neja da Sakkwato, an riƙa bai wa iyaye mata N5,000 kan kowace yarinya duk bayan wata uku, wato N20,000 a shekara. Kuɗin a hannun uwa suke sauka, ita ce kuma ta san ko riga ake bukata ko jarin ƙuli-ƙuli da zai 'yantar da yarinyar daga talla. Binciken da aka yi bayan kammalawa ya nuna ƙaruwar shigar 'yan mata makaranta. Babban shirin da ya ƙunshi wannan gwaji, wanda ya gudana daga 2012 zuwa 2022 a jihohi shida na Arewa, an bayyana cewa ya shigar da ƙarin 'yan mata miliyan ɗaya da rabi makaranta.

Darasi na biyu ya fito ne daga shirin CSDP na Bankin Duniya, wanda ya fara aiki a 2009. A lokacin da yake aiki, jama'ar gari ne suka riƙa zaɓen aikin da suke so, ko rijiyar burtsatse ko aji ko ɗakin shan magani, su naɗa kwamitinsu, su kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin, ko da ta hanyar yashi da dutse da aikin ƙarfi ne. Tsarin bai zama baƙo ba a ƙasar da ta saba da aikin gayya da adashi. Makamancinsa shi ne shirin raya mazaɓu na zamanin Gwamna Mu'azu Babangida Aliyu, 2007 zuwa 2015, wanda ya ware kuɗi duk wata ga mazaɓu 274 na jihar. A Salka kuma, cikin Ƙaramar Hukumar Magama, masu aikin raya harshen Kambari sun wallafa littattafan koyon karatu cikin harshen, abin da ke da muhimmanci ga yaron da ya iso aji ɗaya ba ya jin Turanci, Hausar ma sama-sama.

Shirye-shiryen Gwamnatin Tarayya na 2016 sun fi waɗannan girma. An ciyar da 'yan firamare kan N70 kowane yaro a rana, aka ƙara zuwa N100 a 2022, aka kuma riƙa bai wa iyalai matalauta N5,000 a wata, da taimakon rancen Bankin Duniya da dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido. Amma tsadar kaya ta cinye darajar kuɗin, musamman bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, sannan a watan Janairu na 2024 aka dakatar da shirye-shiryen saboda zargin almundahana. Komawa biyan kuɗi ta asusun banki da lambar shaidar ɗan ƙasa na iya toshe ɓaraka, sai dai matar da ke tafiyar yini kafin ta ga banki ita ce wannan sharaɗi ya fi saurin zubarwa.

Bisa dukkan waɗannan akwai matsalar tsaro. Sace ɗaliban Kagara a watan Fabrairu na 2021, da na Islamiyyar Tegina a watan Mayu na shekarar, da na makarantar Papiri a Ƙaramar Hukumar Agwara a watan Nuwamba na 2025, sun sa iyaye da dama ɗari-ɗari da makaranta. Ƙauyen da ya watse ya koma gudun hijira, sunansa kan ɓace daga rajista, gonarsa kuma daga kasuwa.

Abin da tarihin shekaru kusan 40 ya nuna shi ne, tallafi yakan isa ga yaro idan ya bi ta hannun uwa da kwamitin gari, yakan kuma ɗore idan yana da gurbi a doka da kasafin kuɗi. Ya rage ga Majalisar Dokokin Jihar Neja da ƙananan hukumomi 25 su tanadi wannan gurbi, su kuma tabbatar cewa masu rajista, tare da tafintan Kamuku da Kambari da Fulatanci, sun wuce Kasuwan Garba zuwa ƙauyukan da ke ciyar da kasuwar.