Horar da Ma'aikatan Lafiya don Kula da Hankalin Jama'a Bayan Aukuwar Bala'i

Gabatarwa

A ranar 10 ga Satumba, 2024, mutanen Maiduguri suka wayi gari cikin ruwa, bayan da madatsar Alau ta ɓalle. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, kuma da yawa daga cikinsu wannan ne gudun hijirarsu na biyu ko na uku, domin tun daga 2009 rikicin Boko Haram yake koro jama'a daga ƙauyuka zuwa cikin birnin. A irin wannan hali, abinci da makwanci da maganin kwalara su ne abubuwan da hukuma ta fara tanada, kuma hakan daidai ne. Amma akwai wani rauni da ba a gani da ido, wato wanda bala'i ke yi wa hankali da zuciya. Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana dalilin da ya sa ake horar da ƙananan ma'aikatan lafiya a kan wannan rauni, da abin da ake koya musu, da kuma matsalolin da ke tattare da aikin.

Illar Bala'i ga Hankali

Kusan duk wanda bala'i ya rutsa da shi yakan yi fama da firgita da rashin barci da baƙin ciki. Wannan ba cuta ba ce, kuma galibin mutane sukan murmure idan suka sami kwanciyar hankali da taimakon 'yan'uwa. Sai dai akwai waɗanda abin ke zarcewa. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa wajen mutum ɗaya cikin biyar na mazauna wuraren da aka yi yaƙi yana ɗauke da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kama daga matsananciyar damuwa zuwa taɓin hankali. Har ila yau akwai rukuni na uku da aka fi mantawa da shi, wato masu farfaɗiya ko taɓin hankali tun kafin bala'in, waɗanda maganinsu ya yanke a ranar da suka gudu.

Abin lura shi ne, da wuya mai irin wannan lalura ya ce zuciyarsa ce ke ciwo. Abin da yakan kawo ɗakin shan magani shi ne ciwon kai, ko faɗuwar gaba, ko kasala. Ma'aikacin da bai sami horo ba sai ya ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ya sallame shi, bayan mako biyu ya sake dawowa da kukan da ya kawo tun farko.

Dalilin Horar da Ƙananan Ma'aikata

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal, alhali kuwa jama'ar ƙasar sun haura miliyan 200. Galibinsu suna manyan asibitoci ne, irin su na Gwamnatin Tarayya da ke Maiduguri da Kaduna da Kware. Saboda haka wanda mai gudun hijira zai iya gani shi ne malamin asibiti, ko nas, ko ungozoma. Idan waɗannan ba su iya gane lalurar ba, babu mai gane ta.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, maimakon kulle su a asibiti, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin da ake kira mhGAP don koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba yadda za su gane lalurorin ƙwaƙwalwa su kuma yi maganinsu. A 2015 ita da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da jagora na musamman domin lokutan bala'i.

Abin da Ake Koyarwa

Darasi na farko shi ne taimakon gaggawa ga wanda ya kaɗu, kuma ya ginu ne a kan abubuwa uku: dubawa, da saurare, da haɗawa. Ma'aikaci zai duba wanda ya fi bukatar taimako, ya saurare shi cikin natsuwa ba tare da katse shi ba, sa'an nan ya haɗa shi da danginsa ko da inda zai sami abin da ya rasa. Alal misali, uwar da ɗanta ya ɓace a ambaliya ta fi bukatar a kai ta wurin masu rajistar yaran da aka tsinta fiye da kowace irin ƙwaya. Ana kuma gargaɗin ma'aikaci da kada ya tilasta wa mutum ba da labarin abin da ya gani, domin bincike ya nuna cewa yin haka bai hana cuta, yana ma iya tsananta ta.

Darasi na biyu shi ne bambance alhini na al'ada da cuta. Wanda ya rasa ɗansa yana kuka, ta'aziyya yake bukata. Amma wanda ya shafe makonni ba ya iya aiki ko cin abinci, ko yana jin muryoyin da babu su, wannan yana bukatar magani. Ana koya wa ma'aikaci ya tambayi mai matsananciyar damuwa kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa, domin tambayar ba ta cusa tunanin, hasali ma takan buɗe ƙofar ceto. Bugu da ƙari, ana hana shi saurin ba da ƙwayar barci, saboda hatsarin sabo da ita. Darasi na uku shi ne sanin iyaka, wato lokacin da ya wajaba a tura majinyaci gaba.

Matsaloli

Horon 'yan kwanaki ba ya wadatarwa. Idan ƙwararre bai riƙa zagayowa yana duba aikin ba, ma'aikaci kan koma tsohuwar hanyarsa. Haka nan idan babu magani a ma'aji, gane cuta ba shi da amfani ga mai ita. Harshe ma matsala ne, musamman a Barno inda likita zai iya zama Bahaushe majinyaci kuwa Babarbare ko Shuwa, ga shi kuma maganar zuci ba ta cika bin bakin tafinta lafiya ba.

Akwai kuma batun aljanu da sammu. Iyali da yawa sukan fara zuwa wurin malami ne kafin asibiti, kuma ma'aikacin da ya raina wannan ba zai sake ganin majinyacin ba. Hikima ita ce ya jawo limamai da masu unguwanni a jika, a ci gaba da addu'a, a kuma sha magani, a daina ɗaure mara lafiya da mari. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu, 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare haƙƙin irin waɗannan mutane.

Daga ƙarshe, shi kansa ma'aikacin ruwa ya ci gidansa, wataƙila ya binne nasa. Tsarin da bai ba shi hutu da wanda zai saurare shi ba zai rasa shi.

Kammalawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin ma'aikatun lafiya na jihohi ne su shigar da wannan horo cikin manhajar makarantun koyon aikin jinya da kiwon lafiya, su ware kuɗin magani da na zagayen ƙwararru a kasafin kowace shekara. Madatsar Alau ta taɓa jawo ambaliya a 1994, ta sake a 2024. Wanda ya jira sai ruwa ya shigo gari kafin ya fara horar da ma'aikata ya makara.